Tsakanin Kafi da Daji: Nazarin Kalmomin Zuhudu da Dogaro da Kai a Hausa Dangane da Falsafar Emerson da Thoreau

1.0 Gabatarwa

Masu aikin fassara sun daɗe da lura da cewa baƙuwar kalmar da ba ta da takwara a Hausa ba ta cika yin ɓarna ba, domin dole mai fassara ya tsaya ya yi mata bayani, ko kuwa ya ƙirƙiro mata suna. Wadda ta fi ɓarna ita ce wadda ake ganin kamar tana da takwara, sai a ɗauko takwarar a dasa ba tare da dogon tunani ba, alhali kuwa kowace daga cikinsu tana tafe da kayan da ta goyo daga gidansu. Wannan takarda za ta duba irin wannan matsala dangane da wata mazhabar falsafa da ta ɓulla a arewa maso gabashin Amurka a ƙarni na 19, wadda Ralph Waldo Emerson da Henry David Thoreau suka fi kowa shahara a cikinta. Ginshiƙan mazhabar uku ne, wato komawa ga daji da halittun da ke cikinsa, da dogaro da kai, da kuma rage bukatun rayuwa. Da jin haka Bahaushe zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, zuhudu ne, ko gudun duniya. Abin da za mu bincika shi ne ko wannan amsa ta yi daidai, in kuma ta yi, ina ne iyakarta.

An zaɓi a ɗora bayanin a kan Keffi ta Jihar Nasarawa saboda dalilai biyu. Na farko, sunan garin kansa hujja ce ta harshe a kan yadda ake raba gari da daji. Na biyu, Hausa a wannan yanki harshen hulɗa ce tsakanin al'ummu da dama, kamar Gwandara da Gade da Yeskwa da Afo da Mada da Eggon da Gbagyi da Fulani. Kowace daga cikinsu da irin tata dangantakar da daji, amma duk sun taru suna bayyana ta da kalmomi iri ɗaya.

2.0 Mazhabar da Mutanenta

Emerson (1803–1882) limamin coci ne a birnin Boston kafin ya ajiye aikin a 1832, daga baya ya zauna a ƙaramin garin Concord ya dukufa ga rubutu da laccoci. A 1836 ya fitar da ɗan littafinsa mai suna Nature, a shekarar ce kuma shi da abokansa suka fara wani zaman tattaunawa wanda daga gare shi mujallar The Dial ta fito (1840–1844), Margaret Fuller ce editarta ta farko. Maƙalarsa mai suna Self-Reliance ta fito a 1841. Sunan da aka laƙaba wa mazhabar, wato Tiransendentalizim, ya samo asali ne daga wata kalma ta Immanuel Kant, masanin falsafa na Jamus. Shi Kant ya yi amfani da ita wajen bayanin sharuɗɗan sani da ke cikin hankalin ɗan Adam tun kafin ya ji ko ya gani. Mutanen Concord kuwa sai suka faɗaɗa ta, suka ce kowane mutum yana iya riskar gaskiya kai tsaye ta hanyar wani haske da ke zuciyarsa, ba lalle sai ta bakin limami ko ta gadon al'ada ba.

Thoreau (1817–1862) shi ne ya gwada abin a aikace. Ranar 4 ga Yuli, 1845 ya tare a wani ɗaki da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden, a kan filin Emerson. Tsawon ɗakin ƙafa 15 ne, faɗinsa ƙafa 10, abin da ya kashe a kansa kuwa, bisa lissafinsa, dala 28 ne da 'yan kai. Ya noma wake a fili kimanin eka biyu da rabi, ya kuma yi iƙirarin cewa aikin mako shida a shekara ya ishe shi biyan bukatunsa. Ya bar wurin ranar 6 ga Satumba, 1847, littafin da ya rubuta a kan zaman, Walden, ya fito a 1854.

Akwai wani abin da ya kamata mai fassara ya riƙe tun daga nan. Tafkin bai wuce tafiyar ƙasa da sa'a guda daga Concord ba, layin dogo ma ya ratsa ta gefensa. Thoreau yakan shiga gari a kai a kai, baƙi kuma suna zuwa masa. A irin wannan shiga gari ce aka kama shi a watan Yuli na 1846 ya kwana ɗaya a kurkuku saboda ƙin biyan haraji, domin nuna adawarsa da cinikin bayi da kuma yaƙin da Amurka ke yi da Meziko. Wasu 'yan mazhabar sun gwada zaman gandu na tarayya, kamar Brook Farm (1841–1847) da Fruitlands (1843) wadda ba ta ko cika shekara ba, amma zaman mutum ɗayan nan shi ne ya yi suna.

Haka kuma ba a banza Bahaushe yake jin ƙanshin sufanci a rubutunsu ba. Emerson ya karanta mawaƙan Farisa, Hafizu da Sa'adi, har ya rubuta gabatarwa ga wani bugu na fassarar Gulistan a 1865, shi kuma Thoreau da wani misali daga Gulistan ɗin ya rufe babin farko na Walden.

3.0 Kafi da Abin da ke Bayansa

Sunan Keffi daga kalmar kafi ya fito, wato shingen itatuwa da ake kafawa a kewaye mazauni domin tsaro. Ita ce dai kalmar da ke cikin Kafin Hausa da Kafin Madaki da Kafin Soli da Kafin Maiyaƙi. Abin sha'awa shi ne kalmar tana da ma'ana ta biyu, wato asirin da ake binnewa domin tsare gida ko gari. Ke nan, ko da itace aka yi shi ko da laya, kafi yana nuna cewa akwai ciki akwai waje, kuma daga wajen ne ake tsammanin sharri.

Dalby (1964) ya nuna yadda ma'anar kalmar gari ta zarce mazaunin mutane har ta haɗa da sararin sama da yanayi. Dubi waɗannan misalai:

(1) a. Gari ya waye.
b. Gari ya yi sanyi.
c. Yaya gari?

A (1a) da (1b) hasken safiya da sanyin hunturu, waɗanda Bature zai sanya a ƙarƙashin sunan littafin Emerson na 1836, Bahaushe ya jingina su ga gari. Wato daga inda mutane suke zaune ake auna duniya. Daji kuwa, tare da 'yan'uwansa jeji da dawa, ga irin kalmomin da yake tafiya da su:

(2) a. naman daji
b. ƙungurmin daji, dokar daji
c. wutar daji
d. ciwon daji
e. Malam, ai ka shiga daji.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna natsuwa. A (2d) an ara wa muguwar cutar nan mai cin jiki sunan daji, a (2e) kuwa shiga daji na nufin sakin hanya a magana. Greenberg (1946) ya kawo yadda Maguzawan ƙasar Kano suke raba iskoki kashi biyu, na daji su ne ba a saba da su ba, su ne kuma abin tsoro. Gaskiya ne akwai masu shiga daji, kamar maharba da masassaƙa da masu saƙe-saƙi da fatake, amma kowannensu da shirinsa yake shiga, ya ɗebo abin da ya kai shi ya fito. A al'adance ba a san mai zuwa daji don ya zauna ya yi tunani ba. Wanda aka gani yana yawo shi kaɗai a can ba da wata sana'a ba, abin da za a fara zato shi ne taɓin hankali ko shafar iska.

A 'yan shekarun nan ma kalmar ta ƙara nauyi. Tun daga wajen 2011, da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta a Zamfara ta kuma bazu zuwa maƙwabta, kafofin watsa labarai suka cika da ɓarayin daji da 'yan bindigar daji. Yanzu in aka ce wane ya koma daji da zama, ba malamin falsafa ne zai faɗo wa mai sauraro a rai ba. Saboda haka mai fassara Walden da ya rubuta cewa Thoreau ya koma daji ya yi kuskure sau biyu: ya kai shi nesa da inda ya zauna, ya kuma shafa masa wani baƙin fenti. In an bi tsarin Hausa, wato gida, unguwa, gari, bayan gari, gonaki, saura, sa'an nan daji, to mazaunin Thoreau bai wuce bayan gari ba. Shi kansa bayan garin yana ƙarewa a wannan yanki. Tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, gine-gine suka yi ta bin hanyar Keffi ta Mararaba da Masaka, gonakin jiya suka zama filotai.

3.1 Fita Uku a Tarihin Yankin

Tarihin ƙasar Keffi yana ɗauke da labarin mutanen da suka juya wa birni baya, ko suka zauna a wajensa. Yana da kyau a duba sunan da harshe ya ba kowace fita.

Ta farko ita ce ta Gwandara, waɗanda masana suka tabbatar harshensu shi ne mafi kusa da Hausa. Tarihin baka ya ce daga Kano suka fito domin ba su yarda su bar addininsu na gargajiya ba, har ma ana cewa sunansu daga "gwanda rawa da salla" ya samu. Ko da wannan bayani na suna ƙirƙirar baya ce, ya nuna yadda jama'a suka fahimci fitar, wato ƙin bin abin da birni ya ɗora. Ta wannan fuska sun yi kama da abin da Emerson yake kira a yi. Sai dai su jama'a guda suka tashi, da shugabanninsu, suka je suka kafa wasu garuruwan, irin su Karshi. Sunan wannan a Hausa ƙaura.

Ta biyu ta bi akasin hanya. Abdu Zanga, wanda ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, Bafillace ne makiyayi daga ƙasar Katsina. Mutumin ruga ne ya kafa kafi, garin kuma ya zama ɗaya daga cikin masarautun da ke ƙarƙashin Zazzau, kamar yadda Smith (1960) ya bayyana. A zahiri babu wanda ya kai makiyayi kama da Thoreau. Bukka ce ɗakinsa, kayan gidansa duka sa ɗaya ko jaki ya ɗauke, ya san kowace ciyawa da sunanta. Ɗabi'un pulaaku kuma, wato munyal da semteende da hakkiilo, duk suna koyar da danne bukata. Amma Riesman (1977), a nazarinsa na Fulanin Jelgoji, ya nuna cewa Fulfulde ma ta raba wuro da ladde, kuma wuro yana nan duk inda iyali suka sauka, ko da a tsakiyar daji ne. Makiyayi dai bai je daji don ya rabu da dukiya ba, dukiyar ce ta kai shi, kuma fatansa kullum ta ƙaru.

Ta uku ita ce ta Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda bayan kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba na 1902 ya nufi Kano, daga baya ya bi Sarkin Musulmi Attahiru na I zuwa gabas, ya rasu a yaƙin Burmi a 1903. Dubban mutanen da suka bar gidajensu da gonakinsu suka bi wannan tafiya sun kira ta hijira, kalmar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raya da tashinsa daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Hijira ma ta jama'a ce, da imami a gaba.

Ba za a manta ba kuma da al'ummun da suka zauna a kan duwatsun Mada da Eggon. Zaman nasu na neman tsira ne daga mahara masu kamun bayi, waɗanda Keffi kanta tana cikin sansanoninsu a ƙarni na 19. Wanda kakanninsa suka hau dutse don kada a sayar da su, da wuya ya karanta Walden da idon da ɗan Boston yake karanta shi.

4.0 Kalmar Kai

Hausa tana gina wakilin suna mai komawa ga aikau da kalmar kai, kamar a kaina, kanka, kanta (Newman 2000, Jaggar 2001). Saboda haka duk inda Turanci ya yi maganar mutum da kansa, kai ne zai fara zuwa wa mai fassara. To amma dubi yadda kalmomin da aka harhaɗa da shi suka kasu:

(3) son kai, girman kai, ji da kai, taurin kai, yin gaban kai

(4) kamun kai, sanin ciwon kai, neman na kai, cin gashin kai, mulkin kai, dogaro da kai

A wasu daga cikinsu, kamar taurin kai, da wuya a raba kai na jiki da kai na mutum, amma wannan bai hana a ga tsarin ba. Na (3) duka zargi ne. Na (4) yabo ne, sai dai ko dai suna nufin danne kai, ko kuwa suna magana a kan abinci da mulki. Babu ko ɗaya da ke yabon mutum don ya fifita hukuncin zuciyarsa a kan na iyaye da malamai da jama'a. Wannan ɗabi'a tana da suna a Hausa, yin gaban kai, kuma tana cikin (3). Ita ce kuwa ainihin abin da maƙalar Emerson ta 1841 take kira a yi. Dubi kuma bambancin da jinsi yake kawowa:

(5) a. kamfani mai zaman kansa
b. mace mai zaman kanta

A (5a) bayani ne kawai na abin da ba na gwamnati ba. A (5b) kuwa sakaya ce ta karuwanci. Wato tsayawar mutum shi kaɗai, ba a ƙarƙashin kowa ba, abu ne da harshen yake kallo da ayar tambaya, musamman ga mace. Kirk-Greene (1974) ya jero siffofin mutumin kirki, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci, kusan dukkansu kuwa sai da wani mutum na biyu suke tabbata.

Ita kuma kalmar dogara asalinta jingina ne, kamar yadda tsoho yake dogara sanda. A bakin malamai ga Allah ake dogara, shi ya sa ake cewa "dogaro ga Allah jari". Nafsi kuwa abokin gaba ne da ake yaƙa, har akwai addu'ar da ake roƙon kada Allah ya bar bawa da kansa ko da na ƙiftawar ido. A wannan rukunin magana, dogaro da kai ya yi kusa da ruɗin kai. A ganina farin jinin da kalmar take da shi yanzu daga rediyo da shirye-shiryen gwamnati ta same shi, tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976, da na juyin noma na 1980, zuwa matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986. A yau in aka ce an koya wa matasa dogaro da kai, abin da ake nufi ɗinki ne ko walda ko kiwon kaji. Ɗalibin da ya ga an fassara kan maƙalar Emerson da wannan kalma zai buɗe ta yana tsammanin nasiha a kan sana'a.

Inda kalmar ta dace shi ne babin farko na Walden, inda Thoreau yake lissafin kuɗin katako da ƙusa da abinci. A nan karin maganar nan ta "guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni" ta zauna daram, in ban da wani abin dariya guda: Thoreau da kansa ya faɗa cewa da gatarin aro ya sare itatuwan ɗakin nasa, kuma da aka zo tayar da ginin sai da ya gayyato abokai. Ashe ko a Concord hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 Zuhudu da Danginsa

Yawancin kalmomin wannan fage daga Larabci aka aro su, kuma sun bi ƙa'idojin aro da aka sani. An raba baƙaƙen da suka haɗu da wasali, kamar yadda zuhd ya zama zuhudu, daidai da ilimi da darasi, sautin kh kuma ya koma h a halwa da halitta. Kusa da kowace ararriya akwai 'yar gida: zuhudu da gudun duniya, ƙana'a da wadatar zuci, wara'i da tsantseni. Hanyar shigowarsu ita ce makarantun ilimi, ta littattafai irin su Ihya'u na Imam Gazali, wanda ya ware babi a kan aibin duniya, da wani a kan talauci da zuhudu, da wani a kan ladubban keɓewa, da kuma waƙar nan da almajirai ke kira Zuhudu, wadda ake jingina wa Aliyu ɗan Husaini. Daga nan suka malala cikin waƙoƙin wa'azi na ajami, waɗanda Hiskett (1975) da Ɗangambo (1980) suka yi nazari. A cikinsu ana siffanta duniya da tsohuwa mai kwalliyar yaudara, daidai da karin maganar da ke cewa "duniya budurwar wawa".

A nan ne babban bambancin yake. Kalmar duniya a gudun duniya kishiyar lahira ce. Mai zuhudu yana rage kaya ne domin matafiyi ne, guzuri yake tanadi. Thoreau kuwa ya rage kaya ne domin ya sami sararin ɗanɗanar wannan rayuwar sosai. Abin da yake gudu shi ne bashi da ƙawa da bautar kasuwa. Ayyukan biyu sun yi kama a ido, niyyar ce ta raba su, kuma kalmar zuhudu ba ta rabuwa da niyyarta.

Tarihin Sakkwato ya ba mu misalin da ya fi kowane kusa. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Kamar yadda ya bayyana a Tazyinul Waraƙati, ya ga yawancin abokansa na gaskiya sun rasu, waɗanda suka rage kuma sun karkata ga neman mulki da dukiya da tufafin alfarma. Wannan fita ce ta mutum ɗaya da zuciyarsa ta ƙi abin da jama'arsa suke yi, ta kuma yi kama da ta Thoreau ƙwarai. Amma dubi inda ta ƙare. Da ya isa Kano mutanen garin suka riƙe shi, ya zauna yana karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki, sa'an nan ya koma gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin jama'a har rasuwarsa a Gwandu. Shi ma Shehu, wanda ruwayoyi suka ce da tufkar igiya yake samun abin masarufinsa, a tsakiyar almajiransa ya yi nasa zuhudun, a Ɗagel da Sifawa da Sakkwato. Malamai sukan kafa hujja da hadisin da ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ya ƙaurace musu.

Halwa ita ce kaɗai keɓewar mutum ɗaya da al'ada ta amince da ita, ita ma da sharuɗɗa. Tana da adadin kwanaki, mafi shahara 40, ana yin ta da izinin shaihi, galibi kuma a cikin ɗaki mai duhu a tsakiyar gari. Mai halwa rufe ido yake yi ga halitta. Thoreau kuwa buɗe ido ya je yi, har ya auna zurfin tafkin da igiya da dutse ya samu ƙafa 102, yana kuma rubuta ranar da ƙanƙarar tafkin take narkewa kowace shekara.

Dangane da rage bukatu, sauƙin rayuwa ba ta yi ba, domin abin da take nufi a bakin jama'a shi ne arahar kaya. Rufin asiri ta fi kusa, tun da tana nufin samun daidai abin da zai isa. Sai dai asirin daga idon mutane ake rufe shi, wato mizanin yana hannun jama'a, Thoreau kuwa ya yi wa masu jin kunyar sa wando mai faci ba'a. Wadda ta rage ita ce wadatar zuci. Ko da yake tushenta hadisi ne, wanda ya nuna wadata ta gaskiya ita ce ta rai, kalmar ta shiga bakin kowa, Musulmi da Kirista, kuma ba dole sai an ambaci lahira take ba da ma'ana ba. Ita ce nake ganin ta fi cancanta.

6.0 Halitta da Sunan Mazhabar

Sunan littafin Emerson na 1836 ba shi da takwara guda a Hausa. Ɗabi'a ta tafi ga hali, yanayi ya tafi ga zafi da sanyi, muhalli kuwa kalmar ma'aikatu ce. Halitta ce ta fi kusa, ita kuma ba a faɗinta ba tare da an ji Mahalicci a bayanta ba. Wannan ya taimaka ta wani ɓangare, domin Emerson ma yana ɗaukar itace da kogi a matsayin alamomin wata gaskiya ta ruhi, kamar yadda malamai suke kiran a yi tafakkuri a kan ayoyin Allah. Amma a maƙalarsa The Over-Soul ya kusa shafe iyakar da ke tsakanin ran mutum da Ubangiji, abin da malamin zaure zai kira hululi. Bai kamata mai fassara ya lulluɓe wannan da kalmomin tauhidi don a ji daɗin karatu ba. Gara ya bar saɓanin a fili, mai karatu ya yi nasa hukunci.

Game da sunan mazhabar, ana iya cewa falsafar ilhami, sai dai ilhami baiwa ce da ake jefa wa wanda aka zaɓa, Emerson kuwa cewa ya yi kowa yana da abin. Ina ba da shawarar falsafar hasken zuci. Gajeruwar sigar nan ta zuci ta riga ta saba da irin wannan gini, kamar a saƙar zuci da zancen zuci da ƙunar zuci, za ta kuma yi tagwaye da wadatar zuci. Bisa wannan, kan maƙalar 1841 zai zama "Amincewa da Hasken Zuci". Ga gwaji a jimla:

(6) a. Thoreau ya guji duniya, ya koma daji don ya dogara da kansa.
b. Thoreau ya keɓe a wani ɗaki a bayan gari don ya gwada iyakar abin da zai wadaci mutum.

Jimla ta (6a) ita ce za ta fara zuwa wa mai fassara, kuma babu kuskuren nahawu a cikinta. Amma ɗalibi a Keffi zai fahimci cewa wani waliyyi ne ya shiga ƙungurmin daji yana tanadin lahira, a lokaci guda kuma yana koyon sana'a. Ta (6b) ba ta kai ta farko armashi ba, ta kuma fi ta tsawo da kalma shida, amma ta ajiye mutumin a inda ya zauna, tafiyar ƙasa da sa'a guda daga gidan mahaifiyarsa.